Wasiƙa daga Ishbiliya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya makaranta da ɗalibai? Na san yanzu bazara ta kankama a wajenku, Allah ya kawo damina lafiya. Ni ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai kewar gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce hotunan da na turo ba su ishe ka ba, bayani kake so. To, gyara zama.

Garin da ka gani shi ne Sevilla, a kudancin Sifaniya. Yaranka ta ƙwallon ƙafa suka san shi, ni da kai kuwa da sunan Ishbiliya muka san shi tun muna zaure gaban Malam, Allah ya jiƙansa da rahama. Ka tuna yadda yake jan sunan Alƙali Abubakar Ibnul Arabi idan ya buɗe Ahkamul Ƙur'an? To, garinsu ke nan. A nan aka haife shi a 1076, daga nan ya tafi gabas ya yi karatu wajen Imam Gazali, ya dawo ya yi alƙalanci, ya rasu a 1148 aka binne shi a Fas. Tun ina cikin jirgin ƙasa daga Madrid, tafiyar wajen awa biyu da rabi, kai da Malam kuke ta faɗo mini a rai.

Tsohon garin na mai tafiya a ƙasa ne. A unguwar Santa Cruz, wadda a dā ta Yahudawa ce, akwai lungun da in ka miƙa hannuwanka biyu za ka taɓa bangon dama da na hagu. Matsin yana da amfani, domin garin yana cikin mafiya zafi a Turai, a watan Yuli da Agusta ma'auni kan wuce 40, lungu mai matsi kuwa ba ya barin rana ta sauka ƙasa sai na ɗan lokaci. Gidajen sun ba titi baya, kyansu yana ciki. Ka leƙa ta ƙofar ƙarfe sai ka hango tsakar gida shimfiɗe da tayil, tukwanen furanni jere, ruwa yana tsartuwa a tsakiya. Bakin tituna kuma itatuwan lemo ne dubbai, na kuwa zo daidai lokacin da suke fure, ƙamshi har cikin riga. Lemon ba ya shayuwa saboda ɗaci da tsami. Dafa shi ake yi da sukari a yi abin shafa wa burodi, wanda mutanen Ingila suka fi kowa so.

Duk lungun da ka bi, in ka ɗaga kai, hasumiyar nan da ka tambaye ni tana gabanka. Giralda suke ce mata. Halifan Muwahhidun, masu mulkin Maroko da Andalus a lokacin, Abu Yaƙub Yusuf, shi ya sa aka fara ginin babban masallacin a 1172, aka ɗora harsashin hasumiyar a 1184, aka gama ta a 1198 zamanin ɗansa Yaƙub al-Mansur. Maginin da ya fara aikin sunansa Ahmad bin Baso. 'Yan uwanta biyu suna Maroko, hasumiyar Kutubiyya a Marrakesh da hasumiyar Hassan a Rabat, wadda ba a ƙarasa ba. Kafin ka shiga, ka sunkuya ka dubi gindinta. Duwatsun da aka kafa ta a kai wasu na Rumawa ne, har da rubutun Latin a jikinsu, magina suka kwaso daga kufai suka yi harsashi da su. Mai wucewa a mota ba zai taɓa ganin wannan ba.

Babu matakala a cikinta sai can ƙarshe. Gangara ce ake bi, hawa sama da 30, tana kewaya ginin tana yin sama, faɗinta ya isa dabba ta wuce, har ana cewa a kan abin hawa ladan yake zuwa sama. Na ga tsofaffi suna hawa a hankali, na ga mai tura keken jariri. Asali an ɗora mata ƙwallaye huɗu masu ruwan zinariya a ƙololuwa, girgizar ƙasa ta 1356 ta kayar da su. A 1568 aka gama ɗora mata ɗakin ƙararrawa, da gunkin tagulla a can bisa mai juyawa da iska, tsawonta duka ya kai wajen mita 100. Daga tagogin sama garin yana shimfiɗe a ƙarƙashinka, fari da ruwan ƙasa, kogi ya ratsa ta yamma.

Masallacin kansa babu shi. Bayan garin ya faɗa hannun Sarki Ferdinand na Uku, Kirista mai mulkin Kastila, a 1248 sai aka mai da shi coci, aka yi shekara sama da 150 ana amfani da ginin yadda yake. A ƙarni na 15 aka rushe shi aka tayar da majami'ar da ke wurin yanzu, wadda aka kammala a 1506, tana kuma cikin mafiya girma a duniya. Abin da ya tsira shi ne hasumiyar, da harabar da ake alwala, da babbar ƙofar shiga harabar mai ƙyaure lulluɓe da tagulla, rubutun Kufi yana nan a jikinsa. Harabar cike take da itatuwan lemo, da 'yan magudanan ruwa a tsakanin tubalin daɓe. Na samu gefe na zauna. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta yi nauyi. Ina lissafin sahun da aka ja a nan ranar Juma'a, sai ƙararrawa ta kaɗa daga inda ake kiran salla. Na daɗe ban tashi ba.

Cikin majami'ar na zaga da sauri. Girma kam akwai shi, zinariya kuma sai wanda ya gani. Can ne kabarin Kolumbus yake, gumaka huɗu sun ɗauki akwatin a kafaɗa, kowanne yana wakiltar ɗaya daga masarautun Sifaniya na dā.

Inda na ɓata lokaci sosai shi ne fada, Alcázar, taku kaɗan daga nan. Malam, duk wanda aka rufe wa ido aka kai shi ciki aka buɗe, zai rantse gidan sarkin Musulmi ne. Bakunan ƙofofi masu lanƙwasa, zanen farar ƙasa mai laushi kamar saƙa, rufin katako da aka harhaɗa taurari-taurari, tayil mai zanen da ido ba ya gane farkonsa balle ƙarshensa. Alhali sashen da ya fi kyau sarkin Kirista ne ya gina shi, Pedro na Ɗaya, daga 1364, da magina da masassaƙa Musulmi, wasunsu daga Garnaɗa, masarautar Musulmi da ta rage a Andalus, aka aiko su. A goshin ginin, cikin tayil shuɗi, an rubuta "Wa la galiba illallah", taken sarakunan Garnaɗa, a jikin bango kuma akwai addu'o'i da Larabci ga Sultan Don Pedro. Na tsaya ina karantawa a fili, wata tsohuwa 'yar garin ta matso tana tambayata abin da ya ce. Na fassara mata iyakar iyawata, ta yi ta gyaɗa kai. Ta ce tun tana yarinya take shigowa gidan nan.

A shekarar 1364 ɗin nan Ibn Khaldun ya zo garin, jakadan sarkin Garnaɗa wajen Pedro. Kakanninsa 'yan Ishbiliya ne, sun fice gab da faɗuwar garin, shi kuma a Tunis aka haife shi a 1332. Pedro ya yi masa tayin ya zauna a fadarsa a mayar masa da dukiyar kakanninsa, ya ƙi. Ina yawo cikin lambun fadar ina ta juya wannan a raina: mutum ya dawo garin iyayensa a matsayin baƙo, a nuna masa gidajensu, ya duba ya koma. Ban yi mamaki ba da ya zama shi ne ya zauna ya yi nazarin abin da ke tayar da dauloli da abin da ke kayar da su.

Za ka tambayi abinci, na sani. Sai da kula, domin naman alade yana shiga kusan komai, har miyar tumatir mai sanyi da za ka zaci ba ruwanta da nama, sai an barbaɗa mata shi a sama. Na riƙe soyayyen kifi, wanda sun iya shi ƙwarai, da wani dafin alayyafo da wake mai kama da gujiya, an sa masa yaji da tafarnuwa. Shi ma nakan tambaya kafin a zubo. Lokacin cinsu daban yake, na rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare ba a fara shi sosai sai tara ta yi. Na samu ɗan masallaci a cikin gari, ɗaki ne a ƙasan wani gini, na yi Juma'a tare da 'yan Maroko da 'yan Senegal da wasu 'yan ƙasar da suka musulunta.

Yanzu ga kogin, wanda shi ne ainihin dalilin wannan doguwar wasiƙa.

Guadalquivir suke kiransa, Wadil Kabir na littattafanmu. Jiragen 'yan yawon buɗe ido suna tashi daga gindin wata hasumiya mai kusurwa 12, Torre del Oro, wadda Muwahhidun suka gina wajen 1220 don tsaron tashar jiragen ruwa. Yanzu gidan tarihin sojan ruwa ce. Bayan la'asar na shiga, na hau bene inda babu rufi. Zagayen kamar awa guda ne, lasifika tana bayani da harsuna daban-daban, amma da jirgin ya ja baya daga gaɓa sai na daina saurare. A ƙasa garin lungu-lungu kake ganinsa, gini ya tare maka gini. A kan ruwa kuwa sai ya buɗe gaba ɗaya, hasumiya can, fada can, filin wasan bijimai fari da rawaya a bakin gaɓa, ɗaya hayin kuma gidajen unguwar Triana jere, kowanne da launinsa. Nan take ka gane cewa ruwan nan ne ya yi garin. Teku tana da nisan kilomita wajen 80, amma jiragen teku suna iya hawowa har nan. Ta nan arziki ya shigo, ta nan ma abokan gaba suka shigo. Tun a 844 mayaƙan Viking daga arewacin Turai suka biyo kogin suka washe garin.

Da muka nufi gadar Triana, ta ƙarfe, wadda aka gama a 1852, sai tarihin ya zo mini a ido. Kafin ita, kusan shekara 700, gadar kwale-kwale ce a wurin: jirage a jere an ɗaure su da sarƙa, an shimfiɗa katako a kai. Abu Yaƙub Yusuf ne ya sa aka yi ta a 1171. Ta kanta abinci yake shigowa gari daga gonakin yamma. Lokacin da Ferdinand ya yi wa garin ƙawanya, ganuwa ta gagare shi, har watan Mayu na 1248 da jagoran jiragensa, Ramón de Bonifaz, ya sako manyan jirage da ƙarfin iska suka daki gadar suka tsinka ta. Hanyar abinci ta yanke, yunwa ta shiga, a watan Nuwamba mutanen gari suka miƙa wuya, aka ba su wa'adi su kwashe nasu ya nasu su fita. Jirginmu ya ratsa daidai wurin cikin ƙiftawar ido, matasa suna tsere da ƙananan kwale-kwale a gefenmu.

Ga maganar da nake so mu yi, ni da kai. Mu da kuka aka koya mana labarin Andalus: an yi mana ƙwace, an kore mu. Kukan yana da hujja, na gani da idona. A gindin gadar nan, ƙarƙashin kasuwar Triana inda ake sayar da kifi da kayan miya, akwai kufan wani gidan sarauta, Castillo de San Jorge, mazaunin kotun coci mai binciken aƙida tun daga 1481. A nan aka tsare Yahudawa da Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, bisa zargin suna addininsu a ɓoye, wasu aka ƙone su. An kori Yahudawa a 1492, jikokin Musulmi kuma aka kwashe su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika faɗa mana a wa'azi ba. Sarkin Ishbiliya mawaƙi, Mu'utamid bin Abbad, yana yaƙi da 'yan uwansa sarakunan Musulmi yana biyan sarkin Kastila haraji. Da wuta ta yi wuta ya kira Murabiɗun daga Maroko, suka taimake shi a yaƙin Zallaƙa a 1086, suka dawo a 1091 suka tuɓe shi suka kai shi Agmat, can ya mutu a tsare. A ƙawanyar 1248 kuma, cikin rundunar da ta kewaye garin har da mahayan da sarkin Garnaɗa, Ibnul Ahmar, ya aiko wa Ferdinand, domin ya riga ya yi masa mubaya'a don ya tsira da tasa sarautar. In za ka koya wa ɗalibanka tarihin nan, don Allah ka haɗa musu da wannan. Yaron da aka ba rabin labari, fushi kawai zai koya.

Waɗanda suka karɓi garin su ma kogin ya ɗaga su ya sauke. A 1503 aka kafa a nan ofishin da duk cinikin Sifaniya da nahiyar Amurka sai ya bi ta hannunsa. Azurfar Meziko da ta Peru a wannan gaɓar ake sauke ta. Daga nan jiragen Magellan biyar suka tashi a watan Agusta na 1519, guda ɗaya tak ya dawo a Satumban 1522 da mutum 18, bayan sun kewaya duniya. Takardun wannan zamani suna nan a gidan adana tarihi da ke tsakanin majami'a da fada, shiga kyauta ne. Wani abin da lasifikar jirgin ba ta tsaya a kai ba shi ne bayi. Ƙidayar da coci ta yi a 1565 ta nuna bayi sama da 6,000 a garin, da yawansu baƙar fata ne daga Afirka ta Yamma, kuma a matakalar majami'ar nan ake cinikinsu. Har yau akwai ƙungiyar coci da baƙaƙen garin suka kafa tun ƙarshen ƙarni na 14, tana fita jerin gwano kowace shekara. Ina zaune a bene ina kallon gaɓar da aka sauke su, ni kaɗai ne baƙi a jirgin. Na yi musu addu'a.

Daga baya annobar 1649 ta kashe kusan rabin mutanen garin, yashi ya riƙa cike bakin kogi, manyan jirage suka kasa hawowa, a 1717 aka mayar da ofishin cinikin zuwa Cádiz a bakin teku. Ruwan da muka bi ma yanzu ba ainihin kogin ba ne, reshe ne da aka tsare. Saboda ambaliya aka karkatar da babban ruwan ya bi ta bayan gari, kuma a jikin wasu gine-gine za ka ga tayil da aka manna ana nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Can arewa jirgin ya kai mu wajen sababbin gadoji da gine-ginen baje kolin duniya na 1992, ya juyo. Wannan ɓangaren bai ɗauke mini hankali ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya tun ranar. Mutanen nan ba su ne suka gina hasumiyar ba, addinin maginanta ma ba nasu ba ne, amma ko ɗan tsagewa ta yi sai an kira masana an gyara. Tun 1987 UNESCO ta sa majami'ar da fadar da gidan takardun cikin kayan tarihin duniya, garin kuma yana ci da su, masu masauki da masu abinci da masu jirgi duk a nan suke samu. Sai na tuna ranar da ka kai ni hasumiyar Gobarau a Katsina, muna hawa kana nuna mini inda ruwa ya ci ginin. Tamu ce, kakanninmu suka gina ta, a cikinta aka yi karatu, ba wanda ya ƙwace mana ita. Ɗalibanka nawa suka taɓa hawanta? Ka ɗebe su ka kai su wannan zangon, kuɗin mota a kaina.

In Allah ya nufa taron nan da kake nema ya faɗo, ka yi ƙoƙari ka ratso ta nan. Ka zo a Maris ko Oktoba. Ka kauce wa makon Ista da makon bikin garin da ke biyo bayansa, domin masauki yana tsada, tituna kuma ba wurin sa ƙafa. Tikitin fada da na hasumiya ta intanet ake saye tun kafin ranar, in ba haka ba sai mutum ya ƙare a layi. Ka zo da takalmi mai taushi, daɓen dutse ne ko'ina. Ka fara da ƙafa, ka bar jirgin ruwa sai ƙarshe, bayan ka san gine-ginen da za ka hango. Ƙurɗuba kuma ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa, ita zan nufa in na samu hutu na gaba, zan rubuto maka abin da na gani.

Na sayo maka ɗan tayil daga wajen masu ginin tukwane na Triana, mai zanen tauraro, da turaren furen lemo na uwargida. Akwai ɗan uwanmu da zai taho gida bayan salla, zan ba shi ya kawo. Maganar gonar nan kuma, ka yi yadda ka ga ya dace, na amince da duk abin da ka yanke, sai dai a fara biyan masu aiki kafin a sayi taki.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da uwargida da yara, da mutanen majalisa ɗaya bayan ɗaya. In ka je ziyarar maƙabarta, ka isar da addu'ata ga Malam.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka